Malam Ƙeya da Kwas ɗin Intanet

Tun yana saurayi aka ɗauke shi koyar da Turanci a makarantar da ke bayan tashar mota, kuma har furfura ta fito masa bai canza taku ba. Zai shigo aji, ya rataye kwat a kujera, ya juya wa yara baya, ya hau cika allo daga sama har ƙasa. In ya cika ya goge ya sake. Yara su yi ta kwafa, wanda ya gaji ya kifa kai a benci. Shi ya sa suka laƙaba masa Malam Ƙeya. Akwai waɗanda suka gama makarantar ba za su iya shaida fuskarsa a kasuwa ba, amma ko daga nesa suka hango ƙeyar nan sun san mai ita.

Turanci kam yana da shi, ba a raba shi da wannan. Sai dai irin na burga ne. A gida ma in matarsa ta tambaye shi ko a sirka masa ruwan wanka, sai ya amsa da wata kalma mai tsawon igiyar shanya, ta tsaya da bokiti a hannu tana kallonsa.

Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne ajin ƙarshe. Mai ajin ƙarshe shi ke da tebur kusa da taga a ɗakin malamai, shi iyaye ke tarewa a bakin ƙofa suna tambayar ya yaron namu, shi ake zaunarwa a tsakiya in za a ɗauki hoton masu fita.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugaba, wata mai tabarau da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ta kira malaman Turanci ta ce akwai kwas da ake yi ta intanet, kuma duk wanda bai kawo takardar gamawa ba kafin hutu, to ya manta da ajin ƙarshe.

"Ranki ya daɗe," in ji Malam, "har da ni? Ni fa na koyar da iyayen wasu yaran nan."

"Na sani, Malam. Na yi hira da iyayen. Shi ya sa."

Ya aro kwamfuta wurin ƙanin matarsa ya shiga kwas. Darussan bidiyo ne, wata mata ce ke bayani, in ta gama a danna kibiya a wuce gaba. Bai jima ba ya gano kwamfuta ba ta san mai kallo da marar kallo ba. Daga nan sai ya riƙa kunna ta a kan tebur, ya zura takalmi.

"Ke, in matar nan ta yi shiru ki danna nan. Ina shagon tela."

Matarsa tana wanke-wanke tana dannawa da jiƙaƙƙen yatsa. Wata rana ta ce, "Malam, ni fa ba na jin abin da take faɗa, amma yaran cikin hoton su ke ta surutu, malaminsu yana tsaye kawai."

"Rashin tarbiyya ne," in ji shi, ya fice.

Haka ya ci darussan nan ɗaya bayan ɗaya daga bencin tela, har aka zo aikin ƙarshe, wanda yatsa ba ya yi. An ce kowa ya ɗauki bidiyon darasinsa na gaske a aji ya tura, a ga yara suna magana da Turanci fiye da malami.

Malam ko gezau bai yi ba. Ai ya daɗe yana tarbar masu duba makarantu, ya san yadda ake yi. Ya tsince masu kaifin kai ya jera su a bencin gaba, sauran ya ba su tsintsiya ya ce harabar makaranta ta yi datti. Ya raba wa na gaban amsoshi, kowa da tasa, da lokacin da zai miƙe, da inda za a yi dariya, da inda za a tafa. Kwana da kwanaki ana bita har yaran suka fara faɗin amsoshin a hanyar gida.

Ranar ɗauka ya shafa wa gashinsa baƙin rini, aka goge kwat har tana ƙyalli. Malamin lissafi ya riƙe waya. Da aka gama Malam ya kalli bidiyon ya sake kallo, amma kansa kaɗai yake gani: yadda ya ɗaga hannu, yadda kwat ta zauna. Ya tura yana murmushi.

Ranar Asabar da la'asar aka yi zaman kai tsaye, malamai daga wurare daban-daban kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. Mai koyarwar ta ce za ta nuna bidiyo guda don kowa ya ƙaru. Da Malam ya ga kwat ɗinsa ta bayyana, sai ya ƙwala wa matarsa kira, ita da ƙaninta da ya zo gaisuwa.

"Ku zo ku ga wanda aka zaɓa."

Suka zo suka gani. Malam na cikin bidiyo ya buɗe baki zai yi tambayar farko, bai kai rabi ba hannuwa duk sun tashi. Wata yarinya ta miƙe don zumuɗi ta zuba amsar tambaya ta biyu. Ya gyaɗa kai ya yaba mata. Da ya yi ta biyun, na kusa da ita ya ba da amsar ta uku, tunda layi ya zo kansa. Haka aka tafi, ajin yana gaba da malaminsa da taku ɗaya. Ya tambayi launin riga aka gaya masa sunan dabba, ya ce madalla. Da ya zo tambayar ƙarshe amsa ta ƙare, sai suka tafa gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu. A taga kuwa ga fuskoki cunkus, kowa da tsintsiyarsa, leɓunansu suna bin amsoshin daidai.

Mai koyarwar ta tsayar da bidiyon. Mace ce mai ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Malam, yaran da ke taga fa?"

"Na wani aji ne."

"To sun haddace darasinka sosai."

Ƙanin matar ya ce tari ne ya sarƙe shi, ya fita tsakar gida. Ita kuwa mai koyarwar ta ce ba ta kayar da kowa a karon farko. Ta ce ya sake ɗauka kafin hutu, da dukan ajin, da darasin da ba su taɓa ji ba.

Ranar Litinin aka karɓe tsintsiyoyi, aji ya cika maƙil. Malam ya tsaya ya fuskance su, ya ga ashe yawancinsu bai san sunansu ba.

"Kai mai kunnuwa, da ke ta bayansa, da kai dogo, ku haɗa kai. Kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya yi jiya, da Turanci."

Suka ja benci suka haɗa kai. Shiru. Ana jin fankar sama tana kuka, ana jin yaran mota suna kiran fasinja a tasha. Ya sake faɗa da manyan kalmomi, shirun ya ƙara kauri. Can wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce da Hausa, "Malam, ka rubuta mana abin da muka yi jiyan mu kwafa."

Malamin lissafi ya leƙo ta bayan waya. "In ci gaba da ɗauka ne? Hannuna fa ya sage."

Wannan bidiyon bai bar wayar ba. Da hutu ya zo Malam ya shiga ofishin shugaba ya ce sabis ne ya cuce shi, ya tura ya ƙi tafiya. Ta ce ikon Allah, matashiyar malamar nan da aka ɗauka bara, wadda unguwarsu ɗaya da shi, sabis ɗinsu ɗaya, ta turo nata, ga takardarta nan. Aka ba matashiyar ajin ƙarshe, shi aka sauko da shi zuwa aji ɗaya.

A shagon tela ya ce shi ya roƙa da kansa, don harsashi ya fi rufi muhimmanci, kwas ɗin kuma yaudara ce ta masu sayar da data. Tela ya ce haka ne, bai ɗaga kai daga keke ba.

Yanzu yana can da 'yan aji ɗaya. Ya koya musu wata doguwar gaisuwa da Turanci, mai jan numfashi, ya ce duk lokacin da suka ji takalmin shugaba a baranda su miƙe su rera ta, ko Allah zai sa ta gane irin malamin da ta wulaƙanta. Shekaranjiya suka ji ƙwas-ƙwas, suka miƙe suka rera tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Mai kawo wa malamai shayi ce. Ta tsaya da faranti a hannu ta ce sannunku, ta wuce.