Doguwar Ƙota

Masassaƙin bai san ta ba, amma tun daga bakin kasuwa idonsa ke kanta. Tana tafe a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ɗayan riƙe da fartanya. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse cikin nama.

"Baba, doguwar ƙota za ka sa mini," ta ce. "Sunkuyo ya gagare ni, ciyawa kuwa ba ruwanta."

"'Yata, noma da wannan cikin? Ai maigidan nan sai mun ci shi tara!"

Ta yi irin murmushin da ake yi don kar a kunyata babba. Ta miƙa masa fartanyar.

Yana sassaƙa yana satar kallonta. Masu juna biyu kan zo kasuwa da ƙanwa ko uwar miji, ana riƙe musu kaya. Ita ko mai ce mata sannu babu. A ransa yana hango gida guda tsakiyar gona, 'yar ƙaramar tukunya, da ƙofar da ita ke buɗewa, ita ke rufewa.

Ya cire tsohuwar ƙotar, wadda gumin hannu ya mayar baƙa sumul, zai jefa cikin itacen wuta.

"A'a Baba, ba ni ita."

Ta goge ta da bakin mayafi, ta ɗora kan cikinta.

"Idan ya zo duniya, ya ga inda babansa ya riƙe."