Furar Wurno a Gusau

Duk abin da tsufa zai ƙwace mini, ba na jin zai taɓa ranar da na raka mahaifina Gusau a jirgin sama. Zamanin Turawa ne, ina saurayi ina aiki a wani kamfanin fata a Sakkwato, ina ji da kaina kamar ni na gina garin.

Cikin damina waya ta zo cewa yayan Baba, wanda muke kira Bappa, yana kwance a Gusau rai a hannun Allah, yana son ganin ƙanensa. Bappa ya bar Wurno tun ban san kaina ba, ga shi ya makance. Ruwa kuwa ya cinye hanyar motar Gusau, a kan jaki kuma sai an kwana a garuruwa da yawa. Baturen da nake wa aiki ya samo mana wuri a ɗan jirgin da ke sauka Gusau.

Na je gida na kwana, da sassafe ni da Baba muka bar Wurno a motar albasa, muka bi ta Achida zuwa Sakkwato. Filin jirgin ba wani abu ba ne, fili ne kawai da 'yar rumfa, ana korar awaki. Baba ya cire takalmansa a ƙofar jirgi, sai da na roƙe shi ya mayar. Da muka tashi ya runtse ido yana jan carbi, ni mai cika bakin nan kuma na ƙanƙame kujera. Ana nan ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, tahiyag ga ai ta kai a yi ƙasaru ko?" Ina cikin lissafin amsa jirgi ya fara sauka. Ko awa ɗaya ba mu yi a sama ba.

Muka sami Bappa ya rame ƙwarai. Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni na, na iso."

Bappa ya tambaya yadda ake tambayar matafiyi, "Ina kunka kwana jiya?"

"Wurno, Yaya."

"Mi kac ce? Don idona ya tahi kuka yi man wasa? Ku hitar da shi. Ƙanena yana bisa hanya, ni kau ba ni kai lokacin."

Ya juya wa bango fuska. Ya ɗauka iyalinsa ne suka samo wani don su kwantar masa da hankali. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Can Baba ya jawo gorar da Inna ta cika mana da fura kafin mu fito, ya zuba a ludayi ya kai bakin yayansa. Bappa ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa.

"Geron gida na," ya ce a hankali. "Ko tsami ba ta yi ba. Damun yau na." Ya laluba ya kamo fuskar Baba da hannu biyu, ya kira shi da sunan da tun rasuwar kakarmu ba wanda ya sake kiransa da shi.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Da ta ƙasa muka bi, ko zaman makoki ba lallai mu samu ba.

Tun daga ranar, in aka ce ɗan'uwa yana nemana, ba na tsayawa tambayar nisan garin. Abin da nake tambaya shi ne ko zan tarar da shi yana iya gane ni.