Tulun Kabejin Tsoho

Warin daddawar da aka aiko mini daga Maraɗi ya tuno mini tsohon nan ɗan Koriya da na yi wa direba a unguwar Ulaya ta birnin Riyad. Ba ya cin abinci sai da kabejinsa mai tsami da barkono. Yakan ce, "Ni na baro gida, cikina bai baro ba."

Rannan ɗansa, tashin Riyad, ya juye tulun kabejin a shara.

"Baba, warinka na korar baƙi. Ci shinkafar kabsa kamar kowa."

Tsoho ya koma shinkafa da lemon kwalba, har ciwon suga ya ci ƙafarsa, ya tafi da shi. Ranar makoki ɗan ya sayo kabejin, ya jera wa baƙi.

Allah ka raba mu da 'ya'yan da za su toshe hanci a kan tukunyarmu.