Mutanen da ke shayar da abokan gaba

Matata ba ta iya faɗa da kowa ba, amma aikinta kenan shirya yaƙi. A wani ɗan kamfani take, ɗaki ɗaya da tebura huɗu da fankar da ke kuka, inda suke ƙera wasan kwamfuta na gina ƙasa da cin ƙasa. Ita ke raba wa kowace al'umma baiwarta: waɗannan jiragen ruwa, waɗancan ganuwa, wasu kasuwanci. Ni kuwa ɗan gwaji ne a gida, ta ci ni da yaƙi ta kuma aike ni cefane.

Da za su ƙara sababbin al'ummu, sai ta kawo mutanen kakarta, masu haƙa rijiya, waɗanda yau ko harshensu ba mai ji. Baiwar da ta ba su ita ce ruwa, kuma kowa ya zo zai sha, har abokin gaba.

Da ya ji haka, mai kamfanin ya riƙe kai. "Haba baiwar Allah, wa zai zaɓi mutanen da ke shayar da maƙiyinsu? Ki ba su mashi, ko mu cire su."

Ta dawo gida ido ya yi ja. Na ce, "Ki ba su ɗan mashin mana, ko guntu ne." Kallon da ta yi mini ya sa na kama bakina. Kakarta ta sha gaya mata cewa ba su taɓa hana kowa ruwa ba, ita kuma ba za ta yi musu ƙarya ba don a saya. Taurin kanta na ba ni haushi, kuma shi nake so.

Sai ta ƙara wa wasan doka ɗaya: rundunar da ta sha ruwansu ba za ta iya taɓa su ba sai ta sake jin ƙishi. Mai kamfanin ya zauna gwaji da kansa. Ya kwaso mayaƙa, suka sha, suka tsaya cirko-cirko a bakin rijiya, ya danna ya danna sun ƙi motsi. Dariya ta ƙwace masa, ya ce lallai wannan zai sa 'yan wasa tunani.

"To, a gaske fa?" ya tambaye ta. "Haka aka ƙyale su?"

"A'a, ranka ya daɗe," ta ce. "Sun sha, sun ƙone garin. Wannan wasan kaɗai ya rage musu."

Bai cire su ba.