Tarihin Mai Tukwane, Wadda Ta Ɗaure Tukunyar Autarta

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da Mai Tukwane, a shekarar 1951 a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki a gida. Ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da Allah Ya ba su, saboda haka ta tashi a gaban uwar da ba ta yarda ta yi nisa da bakin ƙofa. Ta shiga makarantar firamare a 1958 ta kammala a 1965, kuma karatunta ya tsaya a nan, domin makarantar gaba ta kwana ce, mahaifiyarta ta ce ko da wasa.

Sana'a

Bayan rasuwar iyayenta, ta koma birni hannun gwaggonta a 1969, inda ta sami aiki a lambun sayar da furanni na wani dattijo mai ƙarancin magana. A nan ta fara ganin shukar da ake kira tsuntsun aljanna, mai ganye kamar na ayaba, wadda furenta ke fitowa da dogon baki da tukku ruwan lemo, sak kan gauraka. Dattijon ya koya mata a ajiye tukunyar inda hasken safe ke faɗawa, kada a zuba ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe, a goge ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kuma riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci don kada shukar ta karkata wajen taga.

Akwai darasi guda da ya fi nanata mata. "Wannan ba ta fure sai ta matsu," in ji shi. "Ki ba ta babbar tukunya, sai ta yi ta ganye ta manta da ke. Bar saiwar ta cika tukunya dam."

Ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Cikin 'yan shekaru otal-otal da ofisoshi suka san ta, domin shukokinta na fure a lokacin da na wasu ke tsaye da ganye tsagwaro.

Aure da 'Ya'ya

A 1974 ta auri wani direban bas, mutum mai fara'a da barkwanci, suka zauna a ɗakuna biyu a saman bene, masu ƙaramar baranda. Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu: Dogo a 1975, 'Yar Baba a 1978, Shiru a 1981, sai Auta, mace, a 1986. Duk haihuwa, da zarar ta sami ƙarfin jiki, sai ta ɓallo 'yar shuka daga gindin uwar shukar da take reno ta dasa a sabuwar tukunyar ƙasa, ta kira ta da sunan jaririn. Tukwane huɗu suka jeru a baranda, ba a sayar da su, ba a sauya musu mazauni. Maigidan kan tsaya da kofin shayi yana cewa, "Ni dai baƙo ne a gidan nan. Ko tari na yi ba a tambaya, amma ganye ɗaya ya yi rawaya, sai an hana kowa sakat."

Saiwar wannan shuka fara ce, mai kauri kamar yatsu, kuma idan ta rasa wurin zuwa sai ta tura bangon tukunya har ya tsage. A 1996 tukunyar Dogo ta tsage daga baki zuwa gindi, kuma a makon ne ya sami aiki a jirgin ruwa ya tafi. A 1999 ta 'Yar Baba ta rabe biyu, ba a jima ba ta yi aure aka tafi da ita wata ƙasa mai nisa. Maigidan ya yi dariya ya ce tukunya dole ta fashe, yaro kuma dole ya girma, meye abin tashin hankali? Marigayiya ba ta taya shi dariyar ba. Maigidan ya rasu a 2001 bayan gajeriyar rashin lafiya.

A 2004, wata rana da hantsi, tukunyar Shiru ta tarwatse da ƙara har maƙwabta suka leƙo. Kafin la'asar aka zo mata da labarin cewa ya faɗo daga ginin da yake aikin wutar lantarki a cikinsa. Aka kawo gawarsa a bayan mota.

Shekarun Ɗauri

Bayan an share makoki, marigayiya ta sayo waya mai kauri ta naɗe tukunyar Auta, ta murɗe bakin wayar da filaya. A lokacin Auta na da shekara goma sha takwas, ta kuma sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ba wanda ya hana ta tafiya da baki. Ta dai haɗa akwati, ta kai shi bakin ƙofa, sai ta ji ƙafafunta sun yi nauyi, ta mayar da shi ƙarƙashin gado. Manema suka zo, kowanne ya yi zaryarsa ya gaji ya janye.

Duk shekara marigayiya na ƙara zagaye ɗaya na waya. Saiwa ta taso sama da ƙasar tukunyar tana murɗe da juna, shukar kuwa ta yi furen da ba a taɓa gani ba, kai bisa kai. Abin da ya fi damun masu shiga gidan shi ne, furannin sun daina duban rana. Ko ta yaya aka juya tukunyar, bayan 'yan kwanaki sai a tarar da dogayen bakunan sun koma suna fuskantar ƙofar ɗakin Auta. Mai kawo ruwa ya daina shiga baranda, sai ya ajiye a kan matakala ya juya.

Daga 2010 Auta ta fara ramewa, tana kukan ƙirjinta kamar an ɗaure shi da igiya. Aka ɗauki hoton ƙirjin a asibiti fiye da sau ɗaya, likitoci ba su ga komai ba. Ta kasance mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, hasali ma ita ke goge ganyen shukar, tana yi tana hutawa.

A 2015 'Yar Baba ta zo ganin gida, ta ga ƙanwarta, ta fashe da kuka. Ta ce, "Mama, don Allah ki cire wayar nan. Dubi yadda yarinyar nan ta koma."

Marigayiya ta ce, "Ke kin tafi, yayanki ya tafi, ɗayan kuma a mota aka kawo mini shi. In wannan ta fashe, wace irin tafiya Auta za ta yi? In kin sani, faɗa mini in cire yanzu."

'Yar Baba ta haɗa kayanta. Ta koma gidan mijinta, wayar na nan. Wanda duk ya san marigayiya a waɗannan shekaru ya san tsoro ne ya cinye ta, kuma ta fi kowa ganin abin da take yi wa 'yarta.

Rasuwa

A farkon 2019 numfashin Auta ya ƙara tsananta, har ta kai ba ta iya sauka daga bene. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin baranda, leɓɓanta suka yi baƙi, kafin ta farfaɗo da kyar. Kashegari marigayiya ta sauka wajen mai gyaran famfo da ke ƙasan benen ta aro almakashin yanka waya. Maƙwabciyarta, wadda ta ba da wannan labari, tana shanya a barandar da ke kallon tasu, ta ga marigayiya tana datse zagayen wayar ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Tukunyar ba ta fashe nan take ba.

Maƙwabciyar ta ji marigayiya ta ce, "Auta, sa takalminki ki fita ki sha iska. Ba sai kin yi saurin dawowa ba."

Auta ta ce, "Mama, ke fa?"

"Zan zauna da tukunyar."

Maƙwabciyar ta ga Auta ta sauko matakala ba tare da ta dafa bango ba. Mai shagon kusurwa ya ga wucewarta, ya ce tafiya take da sauri, fuskarta a sake, ta gaishe shi da murya mai ƙarfi har ya yi mamaki. Da azahar aka ji ƙarar fashewa. Da aka hau, aka tarar da tukunyar ta rabe gida uku, farar saiwa ta bazu a kan siminti, marigayiya kuwa tana zaune a kujerarta tana fuskantar matakala, rai ya yi halinsa. Ta rasu tana da shekara sittin da takwas, ba tare da ta san irin tafiyar da 'yarta ta yi ba.

An yi mata sutura da yammacin ranar, aka binne ta a maƙabartar unguwa kusa da mijinta da ɗanta Shiru. Allah Ya jiƙanta Ya yafe mata. Auta ba ta dawo ba. An duba asibitoci da tashoshin mota, an yi cigiya a rediyo, ba a sami mai cewa ya gan ta a raye ba, ba a kuma sami mai cewa ya ga gawarta ba. Da aka zo rubuta wannan tarihi, aka tambayi Dogo inda za a sa sunan Auta. Ya ce a sa ta tare da su.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku:

Dogo, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, mai 'ya'ya biyar.

'Yar Baba, matar aure a ƙasar waje, mai 'ya'ya uku.

Auta.