Abin da Baba Ke Kira Hadari

Jiya da hadari ya haɗo ta wajen Kagoro, sai na tuna da surukina, Baba, mahaifin maigidana. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, kuma a bakin Turawa ya ji ana kiran wahala hadari. Ya ce nufinsu mutum ya daure har ta wuce.

Wata damina, lokacin naira tana sabuwa, maigidana ya kai busasshiyar citta Samaru Kataf. Aka zo da labarin rafi ya tafi da wata mota a kan hanyar da ya bi. Ina da tsohon ciki, amma na ɗaure zani zan bi hanya da ƙafa. Baba ya tare ƙofa, rigarsa tana warin hayaƙi.

"'Yata, zauna. Hadari ne."

"Baba, in bai dawo ba fa?"

Ya miƙo mini gasasshiyar masara, sai na ga ya kasa ɗauke idonsa daga kan hanya. Ashe tsoronsa ya fi nawa.

Washegari maigidana ya shigo, duk jikinsa laka. Baba ya zagaya bayan rumbu ya yi kuka.

Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba mu irin zuciyarsa.