Kwalbar Ruwan Teku a Zaurenmu

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni. Su suka kawo mini labari wai ana faɗaɗa gidan tarihin jiragen ruwa can bakin teku, har da ƙauyen masunta na nuni. Na ce gwamnati ta makara, ni na fara buɗe irinsa a Dala.

Lokacin yaƙin basasa ne. Yayana ya bar marina ya shiga soja, aka kai su kudu, inda ƙasa ta ƙare. Da ya zo hutu, tsarabarsa kwalbar ruwan teku ce da guntun komar kamun kifi. Ni kuwa na ɗan taɓa elementare, na ga teku a taswira, shuɗiya kamar ruwan baba. Sai na shimfiɗa tabarma a zaure, na jera kayan, na naɗa kaina shugaba. Dattawa su zo in ɗiga musu ruwan a harshe, su tofar, su ce Allah mai iko. Wani tsohon Babarbare maƙwabcinmu ya ce ruwan Chadi ya fi wannan daɗi. Na ce, "Baba, wannan fannin na masu karatu ne."

Yayana ya koma bakin daga. Bayan damina wani abokin aikinsa ya yi sallama, hula a hannu. Kwalekwalensu ya kife a inda kogi ke shiga teku. An nema, ba a sami yayana ba. Aka yi masa salla babu makara, aka zauna makoki babu kabari.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Duk wanda ya shigo gaisuwa tambaya ɗaya take yi masa: wa ya yi masa wanka? Sai mutum ya sunkuyar da kai.

Ranar addu'ar bakwai na duba zaure, babu kwalba. Na sami Inna a bayan ɗakinta, ta tona rami daidai inda aka binne cibiyarsa, tana tsiyaya ruwan a hankali.

Na ce, "Inna, kayan tarihi ne fa. Duk birnin nan babu irinsa. Ki rage ko rabi."

Ba ta ɗago ba sai da ta zazzage kwalbar, ta mai da ƙasa, ta daddaɓe da tafin hannu.

Ta ce, "Malam na boko, ruwan nan shi ya yi wa ɗan'uwanka wanka, shi ya yi masa sutura. Kai da iliminka me ka yi masa?"